Azumin da Muka Daɓe Makaranta

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma duk wanda ya shigo gaishe ni sai ya kawo mini ƙarar zafi, kamar ni na aiko da shi. Jikokina suna kwance ƙarƙashin fanka suna nishi, da an ɗauke wuta sai ka ji gida ya ɗauki salati. Ni dai ina daga kan tabarmata ina yi musu dariya, saboda azumi ya taɓa zagayowa ya same mu a irin wannan lokaci ina yarinya, kuma a waccan shekarar ba a kwance muka yi shi ba.

Abin da ya tono mini zancen shi ne zuwan da na yi garinmu makon jiya, barkar haihuwa. Rafin Marke ke nan, a ƙasar Kiru, in ka wuce Badafi ka gangara. Rabona da garin an daɗe. Tun da aka ja kwalta ta bi ta wani wajen, kasuwa ta tashi ta bi kwalta, masu shago suka bi kasuwa, samari suka bi masu shago. Yanzu in ka shiga da hantsi, tsofaffi ne a gindin bango sai kaji. Na ce wa jikana mai tuƙi ya bi da ni ta bayan gari in ga makaranta. Ya ce, "Hajiya, wace makaranta kuma? Ai kango ne." Na ce to ya kai ni kangon.

Gaskiyarsa ce. Daga baya makarantar ta zama sakandare, sakandaren ma ta koma bakin titi, aka bar tsohon ginin. Iska ta kwashe kwanon da aka ɗora masa, tumfafiya ta leƙo ta tagogi, awaki sun mai da ofishin hedimasta wurin hutun rana. Na tsaya a ƙofar ɗakin farko na sa sandata na ture kashin awaki. Simintin da aka zuba daga baya ya ɓaɓɓare, a ƙarƙashinsa sai ga daɓenmu, ja mai duhu, yana leƙo ni. Yaron ya ga kafaɗata tana rawa ya zaci kuka nake, har ya fara ba ni haƙuri. Dariya ce ta kama ni, sai da na dafa bango.

A cikin shekarun hamsin ne, kafin a ba da mulkin kai. Makarantar garinmu elemantare ce, a aji huɗu ta tsaya. Wanda ya gama, in namiji ne mai rabo a tura shi gaba, in mace ce ta ajiye allonta ta koma gida. Sai saƙo ya zo daga En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamani, ta hannun hakimi cewa za a buɗe babbar firamare a yankinmu, aji biyar zuwa bakwai. En'e za ta ba da malamai da ƙofofi da allon bango, gari kuma ya ba da ƙasa da ƙarfi. Sharaɗi guda ne: mai duba makarantu zai zo bayan ƙaramar salla, ya ga ɗaki uku a gine, a rufe, a daɓe. In bai gani ba, akwai wani gari can wajen Tudun Wada da suka daɗe suna roƙo, su za a ba.

Ni a lokacin ina aji huɗu, shekaruna ba su wuce sha uku ba. Dije sunana. Malam Isiyaku, hedimastanmu, yakan ce kaina yana ja, amma bakina ya fi kaina gudu. Son karatun nan ya shiga raina har ba na iya ɓoyewa, ana surfe ina hadda, ana tankaɗe ina hadda. Malam Isiyaku ya zo har zaurenmu ya roƙi Baba ya bar ni in ci gaba. Ina laɓe a bayan zana na ji amsar.

"Malam, in makaranta ta zo inda zan ji ƙararrawarta daga gona, ta shiga. In kuwa sai an ɗaura wa jaki akumari an bi ta, to ta gama."

Bai ƙara ko kalma ba, kuma duk garin an san Baba ba ya magana biyu. Ni ce 'yarsa ta fari, saboda haka bisa al'ada ba ya kama sunana, ba ya wasa da ni, ba ya nuna ya san ina gidan. "Ke" nake, ko "yarinyar nan". Ƙannena su hau kafaɗarsa su ja masa gemu, ni sai dai in ajiye masa buta in juya. Ban taɓa jin haushi ba, haka kowace 'yar fari take. Amma har cikin raina na ɗauka maganar karatuna ba ta dame shi ba, gona ce damuwarsa. Ƙaton mutum ne mai faɗin kafaɗa, abin alfaharinsa ɗaya a duniya: kowace shekara a gonarsa ake fara ganin tsiro a Rafin Marke, a gidansa ake fara gasa tumu.

Maza sun yi nasu tun cikin rani. Unguwa-unguwa aka yi gayya, aka kwaɓa ƙasa, aka yi tubali, aka ɗauko azara daga wajen Doguwa a kan takarkarai. Ranar da aka ga watan azumi magina suka sauko daga kan soro suka wanke hannu. Saura daɓe, daɓe kuwa aikin mata ne tun kaka da kakanni. Aka kewaye ginin da zana don kada maza su leƙa, aka damƙa aikin a hannun Gwaggo Kande, yayar Baba, wadda babu ɗakin amaryar da aka daɓe a garin ba da ita a gaba ba.

Yaran yanzu da suka tashi a kan tayil ba su san daɓe ba. Burji ake ɗebowa, jan tsakuwan nan, a baza a ɗaki, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta na icce, su yi ta duka tare suna ja da baya. In ya sha iska a sake yayyafawa a sake duka, yau da gobe, har tsakuwa ta kwanta ta haɗe. Daga ƙarshe a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a shafe ɗakin da ruwanta, a doke ta shiga. In an yi shi yadda ya kamata sai ya yi santsi da sheƙi, ka zubar da kunu ka kwashe abinka da ludayi.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Daminar baya ta ɗauke da wuri, rumbuna sun yi ƙasa, Inna tana auna hatsi da ƙaramin ƙoƙo tana shafe bakinsa da yatsa. Sahur ɗumamen tuwo ne da miyar kuka, wata rana kunu zalla. Buɗa baki kunun tsamiya ne mai ruwa-ruwa, in an dace a samu ɗan ƙosai. Matan Fulani masu kawo mana nono daga ruga sun daina zuwa kullum, shanu sun yi kudu neman ciyawa, wadda ta zo ma ƙwaryarta rabi ce. Ɗorawa ce ta rufa mana asiri. Lokacin nunarta ke nan, mu kakkaɓo, a dama garin a sha bayan magariba, kalwar a ajiye don daddawa, ɓawon a kai wa Gwaggo. Duk ƙaramin yaron da ka gani a garin bakinsa rawaya ne.

Rijiyoyi kuma sun koma ba da taɓo, ga daɓe yana shan ruwa kamar raƙumi. Mu 'yan mata da gari ya waye sai rafi, mu tona yashi har mutum ya shige zuwa ƙugu, mu zauna muna jira ruwa ya tsattsafo, mu kwarfa da ƙoƙo mu cika tulu. Azumina na farko ke nan da na ɗauka da niyyar kaiwa ƙarshe. Ka ɗauko tulu mai sanyi a ka, yana ɗiga ta bayan wuyanka, maƙogwaronka kuwa ya bushe har haɗiyar yawu tana zafi. Yashin hanya yana ƙona tafin ƙafa, sai mu riƙa gudu daga inuwar wannan bishiya zuwa waccan. Mafi wuya shi ne lokacin da aka yayyafa ruwan a kan burji, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso ya cika ɗakin. Na sha rufe ido in shaƙa har kaina ya yi nauyi.

Ana gobe za a fara duka, Liman ya aiko. Ya ce daɓen makaranta aikin lada ne, a yi, amma ban da waƙa, watan azumi ne. Wanda ya san waƙoƙin daɓe ba zai ga laifinsa ba. Habaici ne da zambo da wasu maganganun da in an fara su ake korar yara waje. Gwaggo Kande ta fi kowa iya su, ita ce kuma ta fi kowa jin haushi.

"Daɓe ba waƙa?" in ji ta. "Yo da me hannu zai san lokacin sauka? Shi Liman ya taɓa riƙe madaɓi ne?"

Amma ba mai ja da Liman, aka fara shiru. Wayyo, ba ka ga abin takaici ba. Mata wajen ashirin a durƙushe, kowace tana duka lokacin da ta ga dama. Wannan ta sauke, waccan ta ɗaga. Wata ta doke wa ta kusa da ita yatsa, aka yi ta cacar baki har sai da aka tuna ana azumi. Inda mai ƙarfi ta bi ya lotsa, inda mai raki ta bi ya yi tudu. Aka gwada salati, amma wanda suka iya mai jan murya ne a hankali, kafin azahar tsofaffi biyu sun fara gyangyaɗi a kan madaɓi. Da yamma Gwaggo ta taka ɗakin da tafin ƙafa daga bango zuwa bango, ta ce a farfasa, aikin banza ne. Ruwan da muka yini muna ɗauka ya tafi haka nan. Ranar kunun ma da ƙyar ya wuce mini, domin na san karatuna ake farfasawa.

Washegari ina gaban masu duka ina yayyafa musu ruwa, ina haddar lissafi ƙasa-ƙasa kamar yadda na saba, don Malam Isiyaku ya ce sai an yi mana jarrabawa kafin a ɗauke mu. "Uku sau ɗaya uku, uku sau biyu shida, uku sau uku tara." Ban lura ba, ashe madaɓin Gwaggo ya kama bin bakina. Sai na ji ta ce, "Ke Dije, ɗaga murya."

"Gwaggo, lissafi ne fa."

"Ko ƙirgen awaki ne. Ɗaga, na ce."

Na ɗaga. Ina faɗa suna maimaita kalmar ƙarshe, madaɓai suna sauka a kanta. Da farko dariya ta hana wasu, amma kafin mu fita daga gidan huɗu hannuwan nan duk sun zama ɗaya, tim, tim, har kana jin dukan a ƙirjinka. Burji ya fara kwanciya sumul a bayansu. Gwaggo ta share gumi da gefen zane ta ce, "Ashe dai bokon nan yana da amfani."

Ba a daɗe ba wani ya kai wa Liman labari cewa mata sun karya doka. Sai muka ji gyaran muryarsa a bayan zana. Kowa ta ajiye madaɓi. Gwaggo ta ja mayafi ta matsa kusa da zanar.

"Allah ya gafarta malam, a saurara a yi mana hukunci. Dije, ba shi."

Na ba shi gidan biyar. Ta ɗan ramin zana ina hango shi yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Biyar sau shida talatin," in ji shi. "To ai haka ne. Wannan ba waƙa ba ce, gaskiya ce tsagwaronta, kuma ba a hana mai azumi faɗin gaskiya ba. Ku ci gaba, Allah ya ba da lada."

Wata ta rangaɗa guɗa. Daga nesa muka ji ya ce, "Ban da guɗa!"

Kwanakin da suka biyo baya, ban taɓa jin daɗin wahala irin tasu ba. Ni 'yar ficiciya ina tsaye a gaba ina bayarwa, iyayena da kakannina suna amsawa. Kafin mu gama ɗakin farko sun daina jira in faɗi amsa, in na ce "shida sau huɗu" sai ɗakin ya ɗauka, "ashirin da huɗu!" Gidan bakwai ne ya zame wa Gwaggo ƙaya, kullum sai ta yi tuntuɓe a cikinsa, ta ce wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa azumi ba. Inna kuwa, wadda ita ma kunyar ɗan fari ta hana ta kallona a gaban mutane, kanta a sunkuye take amsawa, amma ba ta taɓa kuskure ba. Da la'asar muryata takan dishe, Gwaggo ta jiƙa ɗankwalinta ta naɗa mini a wuya. Gwiwoyin mata sun saɓule, tafin hannu ya yi kanta, makuba ta rina mana farce. In ka ratsa gari da yamma sai ka ji ana dakan kunu a gidaje ana "takwas sau biyu". Muka gama ɗaki na farko, muka gama na biyu, aka baza burji a na uku.

Shamuwa ta riga ta iso ta sauka a kan kukar masallaci, hadari yana haɗowa kullum daga gabas ya yi ta walƙiya ya watse. Ran nan, azumi ya shiga goman ƙarshe, bayan la'asar iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Can sai gabas ta yi baƙi ƙirin, wata iska mai sanyi ta taso ta kwantar da zanar da aka kewaye mu da ita. Kowa ta jefar da madaɓi ta yi gida kwashe shanya. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yara suka tuɓe suka fita suna tsalle, Inna ta jera duk wata tukunya da ƙwarya a bakin indararo. Na ga Baba tsaye a tsakar gida, ya ɗaga fuska sama ruwa yana dukansa, ya datse leɓɓansa gam don kada ɗigo ya shiga ya karya masa azumi. Ni ma na yi murna, wa zai ƙi murnar ruwan fari? Sai da aka sha ruwa, na ji Baba yana cewa a fito da iri, sannan gabana ya faɗi.

Ruwan fari ba ya barin kowa a gida. Laimar ƙasa kwana kaɗan ce, wanda bai shuka a cikinta ba sai ya jira wani ruwan, wanda ba a san ranar zuwansa ba. Maza, mata, tsofaffi, yara, kowa gona. Na ruga wurin Gwaggo, na same ta tana zuba irin gero a ƙwarya.

"Gwaggo, ɗaki na uku fa?"

"Dije, ki yi haƙuri. In muka gama shuka ma dawo."

Ta faɗa ne ba ta dube ni ba, don ta fi ni sanin daɓe yana son a doke shi a bari ya sha iska a sake komawa. In ba a fara yanzu ba, ko aljanu aka gayyato ba zai bushe kafin salla ba. Malam Isiyaku ya bi gida-gida da safe, duk inda ya yi sallama sai kaji suka amsa masa.

Muka fita gonarmu rana ba ta fito ba. Baba yana gaba da sungumi yana sara, ni da Inna muna binsa muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙasa ta yi laushi, sanyinta yana shiga tsakanin yatsun ƙafa, gari ya yi wasai. Rana ce irin wadda ya fi so a duk shekara, har yana ɗan ɗaga murya yana tsokanar maƙwabcin gonarmu cewa bana ma a baya zai zo. Ni kuwa hawaye ne kawai ke zuba, ina sharewa da kafaɗa don hannuna da iri. Ban yi kuka mai sauti ba, ban ce komai ba. Ashe shirun nawa ne ya yi ƙara. Mun yi 'yan layuka, sai ya tsaya bai juyo ba.

"Yau ba lissafi?"

Na ci gaba da jefa iri. Ya juyo ya dube ni, dubawar da ban taɓa ganin ya yi mini ba, sannan ya dubi gonar har ƙarshenta. Sai ya saɓa sungumi a kafaɗa ya ce wa Inna, "Ku rufe irin nan, mu je."

"Malam, laimar fa?"

"Wanda ya ba da ruwan jiya yana nan."

Muka bi shi ba mu san inda za mu ba, har sai da ya tsallaka zanar da iska ta kwantar ya shiga ɗaki na uku. Madaɓai suna nan zube inda aka watsar da su. Ya aike ni in ɗebo ruwa a kududdufin bayan ginin, ga ruwa yanzu ko'ina. Na dawo na tarar ya naɗe wando har gwiwa, ya durƙusa a kusurwar gabas, ya riƙe madaɓi da hannu biyu kamar zai kashe maciji. Inna ta toshe baki da mayafi, idanunta suna hawayen dariya.

"Ke," in ji shi, "fara."

Na fara daga gidan biyu. Jama'a, namiji da daɓe! Yana duka burji yana tsalle yana watsuwa, inda ya sauke hannu sai rami. Ga shi bai san amshi ba, in an zo wurin amsa sai ya ce "haka ne". Inna ta durƙusa a ɗaya gefen tana yin nata, dariya tana hana ta.

Masu azumi ba sa kai azahar a gona. Da rana ta take aka fara dawowa, masu wucewa suka ji tim, tim, suka leƙo. Kafin ka ce me, labari ya gama gari: Audu, mai fara shuka, ya bar gonarsa a buɗe yana can yana daɓe. Maza suka cika tagogi, wani yana riƙe ciki, wani yana tambaya ko a kawo masa ɗankwali. Baba ko ɗaga kai bai yi ba. Sai ga Gwaggo Kande ta ratso su, ƙafarta duk taɓon gona.

"Audu! Me zan gani haka? Za ka ja mana abin faɗi har jikoki?"

"Yaya, aikin gari ne. Wani ya yi."

"Aikin gari?" Ta dube ni, ta dube shi. "To sannu da kishin gari. Ba ni nan, ka lalata mana ɗaki."

Ta fizge madaɓin, ta leƙa ta taga ta ce wa mazan da ke dariya kowa ya je ya gaya wa matarsa cewa namiji yana daɓe a Rafin Marke saboda matan garin sun gaza. Wannan maganar ce ta yi aiki. Matan da suka yini a gona, ga azumi, ga gajiya, suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna tsaki suna ɗaukar madaɓi, don ba wadda za ta yarda a ji wannan labari a kasuwar Bebeji. Aka tayar da zana, aka kori maza, Gwaggo ta ce tun da suna da ƙarfin dariya su je su yi ta ɗebo ruwa. Ta so a farfasa kusurwar da Baba ya yi, ya tsaya daga bayan zana ya ce a bar masa aikinsa. Daga ranar, safiya ta gona ce, yamma ta daɓe. Baba kuwa ya sallame mu gaba ɗaya ni da Inna, don wani ya riƙa yayyafa ruwa da safe kada burjin ya bushe ya tsage. Shi kaɗai ya koma gona, yana sara yana dawowa yana jefa iri, laima ta ƙare bai kai rabi ba.

Ana jajiberin salla aka shafa makuba ta ƙarshe. Mai duba makarantu ya zo a kan kekensa bayan salla, ya tuɓe takalmi a ƙofa da kansa ba wanda ya ce masa, ya zagaya ɗakunan uku, ya ce makaranta ta Rafin Marke ce. Wannan karon Liman bai hana guɗa ba.

Ruwa na biyu ya yi jinkiri. Geron kowa ya kai gwiwa namu yana leƙowa. Mun ci tafasa da rama a daminar nan har na ƙi jinin ganinsu, Inna ta koma auna hatsi da ƙoƙon da ya fi na da ƙanƙanta. Sunan Audu Mai Daɓe kuwa ya bi Baba har ƙarshen ransa, in an kira shi da shi sai ya amsa. Da gero ya nuna, maƙwabcin gonarmu ya aiko yaro da tumu a faifai, wai a kai wa wanda ya zo na ƙarshe. Kafin yamma faifai ya zo daga gidaje da yawa. Baba ya zauna a zaure ya murje ya ci, yana cewa na bana bai kai nasa daɗi ba.

Bayan kaka malamai suka iso. Na ci jarrabawa, aka sa aji biyar a ɗaki na uku. Ranar farko Baba ya fito yana gaba ina baya da tabarmata, yana tafiya kamar hanya ce kawai ta haɗa mu. Benci bai iso ba tukuna, yara maza sun shimfiɗa tabarmi a tsakiya, ni kaɗai ce mace, dole a ware mini wuri. Ina tsaye ina dube-dube, ɗakin yana sheƙi ko'ina ban da kusurwar gabas, wadda ta yi tudu da kwari, ko makuba ba ta kama ta sosai ba. Baba ya leƙo ta ƙofa ya nuna ta da haɓa.

"Ke. Shimfiɗa can."

"Baba, wurin ba daidai yake ba."

"Na sani, ni na yi shi. Zauna a kai ki rufa mini asiri."

Ya juya ya tafi bai jira komai ba. Na shimfiɗa tabarmata na zauna, tsakuwa tana sukata ta ƙasa, daɗi ya cika mini ciki har na kasa jin abin da malami yake faɗa. A ranar na san ubana yana sona, kuma ya faɗa mini iyakar yadda al'ada ta bar shi ya faɗa.

Da benci ya iso bayan wasu watanni, Malam Isiyaku ya ce in taso in zauna a gaba kusa da allo. Na ce masa, in ba damuwa, a bar ni inda nake.